Shanun Wakili a Cikin Kwali

Ranar da kwalin ya iso garin Isa, Wakili yana zaune a zaure yana aikin da ya saba tun damina biyu da suka wuce, wato kallon masu wucewa. Direban motar Sakkwato ne ya sauke shi a ƙofar gida, ya ce saƙo ne aka aiko wa Mardiyya daga Abuja, ya ce kuma an gargaɗe shi kada ya kuskura ya ɗora buhu a kai. Wakili ya ɗaga kwalin ya ji ba nauyi, ya girgiza ya ji wani abu na ƙwar-ƙwar a ciki, ya ajiye.

Wakili dai ba mutumin gari ba ne. Rugarsa tana can bayan Bafarawa, ga gonar gero ga garken shanu, har ranar da 'yan bindiga suka ɓullo da hantsi suka kore shanun kaf, ko maraƙi ba su bari ba. Zaman daji ya gagara, ya tattaro ya dawo Isa gidan surukinsa Na'Allah, mijin autarsa Mardiyya. Duk wanda ya san Bafulatani ya san cin tuwon suruki ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Sai ya zama loma biyu ya ture kwano, magana kuwa in ka ji ta to gaisuwa ce. Na'Allah ya yi lallashin duniya, ya gaji, ya koma kan babur ɗinsa yana jigilar mutane tsakanin Isa da Sabon Birni.

Ita Mardiyya mai zanen lalle ce, hannunta ba ya rawa. A wurin wani biki Nura, ƙanen mijinta da ke aiki a Abuja, ya ga irin siraran layukan da take ja a yatsun amarya, ya ce yana da aikin da ya dace da wannan hannu. Kowa ya ɗauka zancen biki ne. Ashe da gaske yake.

Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta zazzage kwalin, Wakili kuwa ya leƙo daga zaure don dai ya ga abin da ke ƙwar-ƙwar. Ƙananan kwalaben fenti ne, da burushi masu bakin allura, sai wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobi na roba, kowanne bai wuce babban yatsa ba, dukansu launin toka. Ya matso ya ɗauki ɗaya. Kura ce, amma a tsaye take da ƙafa biyu, ta riƙe mashi, har da ɗamara. Ya ajiye ya ɗauki wani, zomo ne rataye da kwari da baka. Na uku kwaɗo ne da hula da sanda, ya ɗaure fuska sai ka ce alƙali. Wakili ya yi a'uziyya, ya goge yatsunsa a riga, ya tambayi 'yarsa ko ƙanen mijin nata ya shiga harkar bokaye ne a can Abujan.

Mardiyya ta yi dariya ta kunna masa saƙon murya da Nura ya turo. Nura ya yi bayani tiryan-tiryan: wasa ne na yaƙi da ake yi a kan tebur, kowa da rundunarsa, ana jefa ƙwaya irin ta ludo, ana auna tafiyar kowane mayaƙi da tef irin na tela. Shi da abokansa ne suke haɗuwa su yi, kuma abin kunya ne mutum ya kawo rundunarsa ba fenti. Wakili ya saurara har ƙarshe, ya ce a sake. Aka sake. Ya ƙara rikicewa fiye da farko. Shi dai ya san Nura da gemu, da mata, da 'ya'ya biyu. In na yara ne, me ya kai mai gemu? In kuwa na manya ne, wane babba ne zai zauna yana auna tafiyar zomo? Ya tambaya ko ana cin wani abu in an yi nasara, ta ce ba caca ba ce, ba a cin komai. Ya ce to su zomayen me kuraye suka yi musu? Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Har ya juya zai koma zaure ta zazzage ƙasan kwalin, sai ga shanu. Su kam a kan ƙafa huɗu suke kamar yadda Allah ya yi su, ba mashi ba hula. Abu ɗaya ne ya dame shi, ba su da tozo. Mardiyya ta ce ta ji an ce shanun ƙasashen sanyi haka suke. Bai yarda ba, amma bai yi gardama ba, ya dai tsaya a kansu ya daɗe.

Aikin ya fi lalle wuya. Sai ta fara shafe kowanne da farin fenti ta jera a inuwa ya bushe, don in ta sa a rana fentin yakan yi ƙuraje. Sannan ta bi da launi, tsararo-tsararo, shafi kan shafi. Ta tsarma baƙi da ruwa ta zuba ya kwanta a lungunan gashi da na ɗamara, in ya bushe ta goge burushi a tsumma har ya kusa ƙafewa ta share saman da shi, sai ka ga gashin kura ya tashi. Ƙasan ƙafafunsu kuma ta shafa gam ta barbaɗa yashin tsakar gida. Kuraye da zomaye duk akwai hotonsu a waya, tana kallo tana bi. Shanu ne Nura ya ce ta yi musu duk launin da ta ga dama, ba su da muhimmanci.

Ranar da ta zo kansu ta buɗe wata kwalba ja jawur irin jan tumatir, ta tsoma burushi. Wakili, wanda ya kwana biyu yana kawo buzunsa kusa da tabarmar da sunan zaure ya yi zafi, ya kasa haƙuri.

“Auta, ina kinka taɓa ganin saniya hakanga?”

Ta ɗago da mamaki, don ta manta rabon da ya fara yi mata magana da kansa. Ta ce to ya gaya mata yadda za ta yi. Ya ɗauki saniyar ya jujjuya, ya ce wannan mai faɗin ƙugun ai Saye ce, launin yashin gulbi ne da ita, sai dai wuyanta ya fi duhu. Ta haɗa, ya ce ya yi haske. Ta ƙara ƙasa-ƙasa, ya ce ta wuce. Sai da ta haɗa sau huɗu a murfin roba kafin ya gyaɗa kai. Daga nan fa aka ɓalle. Wannan wake-wake ce, uwarta ta mutu da shan leda. Wancan bijimin ja ne mai duhu, ba ya son mata masu tallar nono. Kowace da sunanta, da uwarta, da halinta, Mardiyya na fenti yana zuba kamar an kunna rediyo. Wasu ta tuna da su tun tana yarinya, wasu an haife su bayan aurenta.

Ta ƙarshe ita ta fi ba su wahala. Wule ce, wadda ke jan garken a gaba in za a koma ruga, baƙa mai farin goshi, kuma farin ba a tsakiya yake ba, ya zubo ta gefen idon hagu ya tsaya kafin hanci. Sau uku Mardiyya tana shafewa tana sakewa. Da ta gama ta ɗora masa a tafin hannu, ya ƙura wa saniyar ido. Ranar nan ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙarin miya, Mardiyya ta shiga ɗaki ta share hawaye don kada ya gani.

To a nan ne kan Wakili ya rabu biyu. Ya san roba ce, ba mahaukaci ba ne. Ya san na Nura ne, an gaya masa ya fi a ƙirga. Amma da asuba in ya dawo masallaci sai ya tsinci kansa a gaban faifan da aka jera su yana dubawa ko sun cika. In kaza ta matso ya kore ta da faɗa. Kuma ya ƙudura a ransa cewa in Nura ya zo zai roƙe shi ya tafi da kurayensa da zomayensa da kwaɗonsa mai hula, ya bar masa shanun. Ai shi da bakinsa ya ce ba su da muhimmanci. Me saniya za ta yi a wurin yaƙi, ita da ba ta riƙe ko tsinke ba?

Wata safiya Mardiyya ta tafi gidan amarya, ya zauna shi kaɗai da faifan, sai ya ga wani abu da ya tsaya masa a rai. Kunnuwansu lafiya lau suke. A gidansu kuwa, tun kakan kakansa, ba a barin maraƙi ya yi wayo ba shaida: a tsaga bakin kunnen hagu, a ɗan gutsure na dama ta ƙasa. Saniyar da ba shaida ta kowa ce. Ya shiga ɗakinsa ya ɗauko rezar da yake yanke farce, ya yi bisimilla, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kunnen bai kai ƙwayar dawa ba, idonsa kuma ba na da ba ne, har ya yanki yatsansa, amma bai tsallake ko ɗaya ba.

Da Mardiyya ta dawo ta gani sai ta dafe ƙirji. Ta ce ya san kuwa daga ƙasar waje aka yo odar abubuwan nan, kuma amana aka ba ta? Ya ce shi ma amanar ya duba, in sun ɓace a hanya wa zai san na wane ne? Ta ce ai na Nura ne. Ya ce ya sani. Ta ce to shaidar wa ya yi musu? Ya dubi rezar, ya dubi shanun, ya rasa ta inda zancen ya kuɓuce masa. Ta ɗauki burushi ta bi bakin kowace tsaga da fenti don launin toka ya ɓuya.

Da Nura ya taso daga Abuja ya fara sauka Sabon Birni ya gaida mahaifiyarsu, washegari Na'Allah ya goyo shi a babur zuwa Isa. Ya durƙusa ya gaida Wakili, ya sha fura, sannan aka kawo faifan. Ya ɗauki kura ya kai kusa da ido yana ta santi, ya ce wallahi ko a Abuja ba mai irin wannan hannun. Da ya zo kan shanun Mardiyya ta sunkuyar da kai tana ba shi haƙuri a kan kunnuwan. Ya duba, ya kwashe da dariya, ya ce ai wannan ya ƙara musu kyau, abokansa za su ɗauka da gangan aka yi. Wakili ya ji sanyi, ya gyara murya zai kawo roƙonsa, sai kunya ta kama shi. Dattijo da furfura ya roƙi ƙanen surukinsa kayan wasa? Yana cikin neman ta inda zai faro, Nura ya ce bari ma ya nuna wa Baba yadda ake yi.

Aka share tabarma. Nura ya kife kofuna biyu ya ce duwatsu ne, ya shimfiɗa ɗankwalin Mardiyya ya ce gulbi ne. Ya jera shanun a tsakiya, ya ba Wakili zomaye a gefe ɗaya, shi ya ɗauki kuraye a ɗaya gefen. Wakili ya tambaya su zomayen makiyaya ne? Nura ya ce kusan haka. Wakili ya ce shi bai taɓa jin inda zomo ya yi kiwo ba, amma to. Ya kai hannu zai kwashe zomayen duka ya kewaye shanun da su, Nura ya riƙe hannunsa, ya ce ba haka ake yi ba, sai layinsa ya zo, kuma ɗaya-ɗaya, kuma iyakar inda tef ya nuna. Wakili ya ce yana ganin kura na tahowa ya zauna jiran layi? Nura ya ce doka ce. Ya ce wa ya kafa ta? Nura ya ce masu wasan. Ya ce kurayen sun sani?

Aka ba shi ƙwaya ya jefa, ɗigo shida ya fito, Nura ya yi tafi ya ce kibiyar zomo ta sami kura, ya kwantar da ita a gefe. Wakili bai ga kibiya ta tashi ba, amma ya ji daɗi. Sai Nura ya auna, ya matso da wata kurar har ta taɓa Saye, ya jefa, ya ɗauki kurar da Saye tare ya ja su zuwa bakin tabarma ta wajensa.

“Ina za ta?” in ji Wakili.

“Na kore ta, Baba. Ai shi ne wasan, wanda duk ya fi korar sha…”

Bai ƙarasa ba. Ya ɗago ya ga Mardiyya a bakin ƙofar ɗaki ta toshe baki da hannu, ya ga yayansa ya juya yana kallon bango. Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Kunya ta rufe shi, ya fara tattara kurayen yana cewa a bari haka, rana ta yi. Wakili ya ce a'a, ya mayar da su inda suke. Muryarsa ba faɗa a ciki, amma ba wanda ya iya musa masa.

Wata kura tana dab da Wule. Wakili ya matso da zomonsa iyakar tef, ya karɓi ƙwayar ya riƙe ta a hannu ya daɗe, leɓɓansa na motsi, ya jefa. Ɗigo ɗaya. Nura ya yi wuf ya ce madalla, ɗaya ai ita ce babba, kura ta mutu. Wakili ya dube shi. Ya ce ɗazu da shida ta fito an ce ita ce babba. Nura ya ce wani lokaci haka ne, wani lokaci kuma haka ne. Wakili ya ce wane lokaci ne wanne? Nura ya kama in-ina. Tsohon ya dubi ƙwayar, ya dubi Mardiyya ko za ta fitar da shi, ita ma ta kawar da kai. Bai gane dokar ba, amma ya gane ana tausaya masa ne, kuma wannan ya fi korar Saye ciwo.

Nura ya ɗauko Saye daga bakin tabarma ya mayar da ita cikin sauran, ya ce ga ta nan ta dawo, ai da an gama ake mayar da kowa.

“Ana maido su?”

“Kullum, Baba.”

“Sannan a yi mi?”

Nura ya ce a hankali, “A sake.”

Wakili ya gyaɗa kai kamar ya fahimta, alhali lissafin ya ƙi zama. Ga shanu da shaidar gidansu a kunne, za a kai su wani gari a riƙa korarsu ana maidowa ana sake korarsu, masu gemu suna dariya, kuma ba mugunta a ciki, wasa ne. Ya rasa ko ya yi fushi ne, ko da wa zai yi. A nan kunyar ta sake shi, ya yi roƙonsa a fili, ya ce Malam Nura ya tafi da mayaƙansa ya bar masa shanun.

Nura ya kusa kuka. Ya rantse da nasa ne shi kaɗai da ko tambaya ba sai an yi ba, amma su huɗu suka haɗu suka saya, kuma da ya ce ba su da muhimmanci launinsu yake nufi, in ba shanun, ba a yin wasan, su ake faɗa a kai. Ya ce ɗaya dai zai iya cewa ta ɓace a hanya, Baba ya zaɓi wadda yake so. Wakili bai yi dogon tunani ba, ya ɗauki Wule.

Mardiyya ta naɗe sauran a auduga ɗaya bayan ɗaya ta jera a kwali, kuraye a gefe, zomaye a gefe, shanu a tsakiya. Na'Allah ya fitar da babur don su cim ma motar Sakkwato. Wakili ya rako su har ƙofar gida, hannunsa a dunƙule. Ya sami abin da ya fi so, ya kamata ya ji daɗi, amma daɗin ya ƙi zuwa, bai san dalili ba. Ya buɗe tafinsa ya dube ta, ita kaɗai a tsaye kan ɗan yashinta. Ya dubi kwalin da Nura ya rungume a cinya.

Na'Allah ya tada babur har ya sa giya, Wakili ya ɗaga hannu ya ce su dakata. Ya sa Nura ya kwance igiyar da aka ɗaure kwalin da ita. Ya buɗe audugar da yatsansa mai ciwo, ya yi wa Wule wuri a gaban sauran, ya zaunar da ita sosai don kada ta faɗi. Nura ya ce Baba ai taka ce, na ba ka.

“Na sani,” in ji Wakili. “Ku tahi da ita. In ba ta cikinsu, sauran ba su san hanyar gida ba.”